Wata shida ko wata tara? Farfesar da ta shafe fiye da shekara 30 tana binciken ranar da ta dace ɗan wasa ya koma fili

A daren 28 ga Oktoban 2024, a birnin Paris, ɗan wasan tsakiyar Manchester City da Sifaniya, Rodri, ya hau dandamali yana dogara sanduna domin karɓar kyautar Ballon d'Or. Makonni biyar kafin wannan dare, ranar 22 ga Satumba, ya faɗi a wasansu da Arsenal yana riƙe da gwiwarsa ta dama. Jijiyar tsakiyar gwiwa, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da ACL, ita ce ta tsinke. Bai sake buga wasa ba sai 20 ga Mayun 2025.

Duk wanda ya saba zama a gidan kallon ƙwallo ya san tambayar da ke biyo bayan irin wannan rauni: yaushe zai dawo? Mai kallo yana yin ta ne don son ƙungiyarsa. Koci yana yin ta don kujerarsa. Mai kulob yana yin ta don kuɗin da ya zuba. Shi kuwa ɗan wasan, da gwiwarsa za a biya kuɗin amsar idan aka yi kuskure, kuma da ita zai ci gaba da tafiya shekara 40 bayan an manta da sunansa.

Cikin mutanen da aikinsu ya fi tasiri wajen amsa wannan tambaya da hujja akwai Farfesa Lynn Snyder-Mackler ta Jami'ar Delaware da ke Amurka. Ba likitar tiyata ba ce. Ƙwararriyar fisiyo ce, fannin da a asibitocinmu aka fi sani da gashin ƙashi. Wannan bayani ya bi tarihin aikinta, abin da ta gano, inda hujjojinta ke da rauni, da abin da ya shafi ɗan wasan da ba shi da kulob mai kuɗi a bayansa.

Mece ce jijiyar ACL?

A cikin gwiwa akwai jijiyoyi biyu masu ƙarfi da suka gitta juna, suna ɗaure ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri. Ta gaban ita ce ACL. Aikinta shi ne hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba, da hana gwiwa murɗewa fiye da kima. Mai tafiya a miƙe ba ya takura mata sosai. Wanda ke takura mata shi ne mai gudu ya ci birki farat ɗaya, ko ya yanke kwana, ko ya diro daga tsalle da ƙafa ɗaya. Shi ya sa mafi yawan masu tsinkewar wannan jijiya ba wani ne ya buge su ba. Ƙafa ce ta kafe a ƙasa, jiki ya juya ya bar ta. Mata 'yan wasa sun fi maza shiga wannan haɗari da aƙalla ninki biyu a wasanni irin su ƙwallon ƙafa da ƙwallon kwando.

A tiyatar da aka saba yi ba ɗinke jijiyar ake yi ba. Ana yanko wani ɓangare na jijiyar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, ko ta bayan cinya, ko ta gaban cinya, a huda ƙasusuwan biyu a dasa ta a madadin wadda ta tsinke. Dashen yana buƙatar watanni masu yawa kafin jini ya ratsa shi ya rikiɗe ya yi kama da jijiyar asali. Tiyatar kanta ba ta wuce awa ɗaya zuwa biyu. Sauran aikin, na watanni, yana hannun mai fisiyo da shi majinyacin.

Sakamakon kuma bai kai yadda shahararrun 'yan wasa ke sa a zata ba. Wani nazari da Clare Ardern da abokan aikinta suka wallafa a 2014, wanda ya tattara bincike da dama, ya nuna cewa bayan tiyata kashi 81 cikin 100 suna komawa wani nau'in wasa, kashi 65 suna komawa matakin da suke kafin rauni, kashi 55 ne kawai ke komawa gasa. Wani nazarin na 2016 ya nuna cewa cikin matasa 'yan ƙasa da shekara 25 da suka koma wasa, kashi 23 suna sake tsinka jijiyar, ko a gwiwar da aka yi wa aiki ko a ɗayar. Masu bincike a Suwidin kuma sun ƙiyasta cewa shekara 10 zuwa 20 bayan irin wannan rauni, kimanin rabin mutanen suna fama da amosanin gaɓɓai a gwiwar.

Daga ɗakin jinya zuwa ɗakin bincike

Snyder-Mackler ta yi digirinta na farko a Jami'ar Johns Hopkins, ta koyi aikin fisiyo a Jami'ar Pennsylvania, sannan ta yi digirin digirgir a Jami'ar Boston. A ƙarshen shekarun 1980 ta koma Jami'ar Delaware, a garin Newark, kuma a can ta gina aikinta duka. Ba ta rufe kanta a ɗakin bincike ba: a gasar Olamfik ta 1996 a Atlanta ita ce shugabar masu kula da raunin 'yan wasa a filin ƙwallon raga ta bakin teku. Ta kuma yi aiki na tsawon shekaru tare da likitan tiyatar ƙashi Michael Axe, wanda sunansa ke fitowa tare da nata a takardun bincike da yawa.

Wannan haɗin yana da muhimmanci wajen fahimtar aikinta. Tambayoyinta daga majinyata suke fitowa, amsoshin kuma a kan majinyata ake gwada su. Jami'arta ta ba ta lambar Francis Alison, wadda ita ce mafi girman karramawar da take yi wa malamanta, ƙungiyar masu fisiyo ta Amurka kuma ta sanya ta cikin zaɓaɓɓun membobinta masu lambar Catherine Worthingham. Cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, NIH, ta ɗauki nauyin bincikenta shekara da shekaru, har ta ba ta tallafin nan na dogon zango da ake kira MERIT.

Tambaya ta farko: me ya sa cinya ke ramewa?

Wanda ya taɓa ganin mutumin da aka yi wa aikin gwiwa ya san yadda cinyarsa ke tsotsewa cikin 'yan makonni. Ba rashin motsi kaɗai ke jawo haka ba. Kumburi da zafi a cikin gaɓar suna sa jiki ya rage saƙon da yake aika wa tsokar gaban cinya, ta yadda ko majinyaci ya yi iya ƙoƙarinsa, wani kaso na tsokar ba ya amsawa. Wannan tsoka kuwa ita ce birkin gwiwa; ita ke ɗaukar nauyi idan mutum ya diro ko ya sauko daga bene.

Binciken da ya fara fito da sunanta ya shafi amfani da na'urar lantarki wajen tilasta wa tsokar ta matse, ba tare da jiran saƙon ƙwaƙwalwa ba. A 1995 ita da abokan aikinta sun wallafa gwaji a kan majinyata 110 a mujallar likitocin tiyatar ƙashi ta Amurka. Waɗanda aka yi wa amfani da lantarki mai ƙarfi, ƙarfin cinyarsu ya kai kashi 70 ko fiye na lafiyayyar ƙafar. Waɗanda suka yi atisaye zalla sun tsaya a kashi 57. Waɗanda aka ba ƙananan na'urori masu raunin wuta sun tsaya a kashi 51. Mafi muhimmanci, waɗanda cinyarsu ta fi ƙarfi su ne tafiyarsu ta fi kusa da ta mai lafiya.

Darasin ya wuce batun na'ura. Ya nuna cewa jin ɗan tsikari a fata ba magani ba ne. Adadin ƙarfin da aka yi amfani da shi ne ke kawo bambanci, kuma dole a auna sakamako da lamba. Ta kuma rubuta littafin koyarwa a kan amfani da lantarki wajen jinya tare da Andrew Robinson. Daga baya ɗakin bincikenta ya kai wannan tunani ga tsofaffin da aka sauya wa gwiwa gaba ɗaya, ya nuna cewa su ma ƙarfin tsokar gaban cinya yana da babban tasiri a kan yadda za su iya tashi daga kujera da hawa bene. Har a 2020 tana rubutu tana ƙalubalantar tsoron da masu jinya da yawa ke yi wa atisayen miƙe gwiwa da nauyi a zaune, wanda aka daɗe ana zargin yana kwance dashe.

Tambaya ta biyu: dole ne kowa ya yi tiyata?

A Amurka al'adar ita ce matashin ɗan wasa da ya tsinka ACL a kai shi tiyata. Amma likitoci sun daɗe suna ganin wasu 'yan tsiraru da ke ci gaba da wasa ba tare da jijiyar ba, gwiwarsu kuma ba ta zamewa. Tsokokinsu ne suka koyi yin aikin da jijiyar ke yi. Ƙungiyar Delaware ta raba majinyata gida biyu, masu iya jurewa da marasa iyawa, ta kuma nemi hanyar gane su tun da wuri.

A 2000, G. Kelley Fitzgerald, Axe da Snyder-Mackler suka wallafa ma'aunin tantancewa. Wanda za a ɗauka yana iya jurewa sai ya cika sharuɗɗa huɗu: ya samu aƙalla kashi 80 a gwajin tsallen ƙafa ɗaya na mita 6 da ake auna lokacinsa, idan aka kwatanta da lafiyayyar ƙafa, ya samu aƙalla kashi 80 a takardar tambayoyi kan ayyukan yau da kullum, ya ba gwiwarsa maki 60 ko fiye cikin 100, kuma gwiwar ba ta zame masa fiye da sau ɗaya ba tun bayan raunin.

A wannan shekarar suka gwada wani horo da za a iya kira atisayen tangaɗi. Majinyaci yana tsayawa a kan allo mai lilo ko allo mai tayoyi, mai fisiyo yana tura allon ba zato, ta gaba, ta baya, ta gefe. Manufar ita ce tsokoki su koyi amsawa a kan lokaci kuma daidai gwargwado, maimakon su sandare gaba ɗaya don tsoro. A gwajin, mai mutum 26, an samu 11 cikin 12 da suka yi wannan horo sun koma wasa ba tare da gwiwa ta zame ba, alhali 7 cikin 14 ne suka yi nasara a ɓangaren da aka yi wa jinyar da aka saba.

Shekara 10 bayan haka, wata ƙungiya daban a Suwidin, ƙarƙashin Richard Frobell, ta wallafa gwaji a mujallar New England Journal of Medicine a kan matasa 121. An raba su biyu: wasu tiyata nan take tare da jinya, wasu jinya da farko, tiyata sai in an ga buƙata. Bayan shekara biyu babu wani bambanci na a zo a gani a tsakaninsu, kuma kusan kashi 60 na rukuni na biyu ba su yi tiyatar ba. Bayan shekara biyar, kimanin rabinsu ne suka yi. Wannan bai nuna cewa tiyata ba ta da amfani ba. Abin da ya nuna shi ne gaggawar shiga ɗakin tiyata ba wajibi ba ce ga kowa.

Haɗin gwiwar Delaware da Oslo

Aikin da ya fi yaɗa sunanta shi ne wanda ta yi da Farfesa May Arna Risberg ta Norway. Sun ɗauki 'yan wasa 300 da suka tsinka ACL, 150 daga kowace ƙasa, suka bi su shekaru. Kowa ya fara da zama 10 na atisayen ƙarfi da na tangaɗi cikin kimanin makonni biyar, kafin a yanke shawarar tiyata.

Abubuwa uku suka fito. Na farko, rabon masu jurewa da marasa jurewa ba hukuncin dindindin ba ne: kusan rabin waɗanda aka sanya cikin marasa jurewa sun sauya rukuni bayan wannan horo. Na biyu, shiri kafin tiyata yana da riba. Da aka kwatanta su da wani babban rukunin majinyata a Amurka da ba su yi wannan ƙarin horo ba, kashi 72 na mutanen Delaware da Oslo sun koma wasan da suke yi kafin rauni, sauran kuma kashi 63.

Na uku shi ne wanda ya girgiza fagen. Tun daga 1990, lokacin da Donald Shelbourne da Paul Nitz suka wallafa tsarin jinya na hanzari, wata shida ya zama kamar ƙa'idar komawa wasa a wurare da yawa. A 2016, Hege Grindem, Snyder-Mackler, Håvard Moksnes, Lars Engebretsen da Risberg suka wallafa sakamakon bin mutum 106 na tsawon shekara biyu bayan tiyata. Waɗanda suka koma wasanni masu tsalle da yanke kwana sun fi waɗanda ba su koma ba sake jin rauni a gwiwa da fiye da ninki huɗu. Kowane wata ɗaya da aka jinkirta komawa, har zuwa wata na tara, yana rage haɗarin da kashi 51. Bayan wata tara, ƙarin jira bai nuna ƙarin kariya ba.

Lokaci kaɗai bai isa ba. Akwai jarrabawa: ƙarfin tsokar gaban cinya ya kai kashi 90 na lafiyayyar ƙafa, haka ma gwaje-gwajen tsallen ƙafa ɗaya guda huɗu, haka ma makin da majinyaci ya ba gwiwarsa. Cikin waɗanda suka koma wasa ba su ci wannan jarrabawa ba, kashi 38.2 sun sake jin rauni. Cikin waɗanda suka ci, kashi 5.6 ne. Daga nan aka samo adadin da ya shahara, cewa bin waɗannan ƙa'idoji na iya rage haɗari da kashi 84. A 2020 wani bincike na daban a Suwidin ya ƙarfafa batun lokacin: matasan da suka koma wasa kafin wata tara sun fi sauran sake tsinka jijiyar da kusan ninki bakwai.

Inda hujjar ke da rauni

Mai karatu da ya saba bin diddigin alƙaluman gwamnati ya kamata ya yi wa alƙaluman kimiyya irin wannan kallo. Kashi 5.6 ɗin nan mutum ɗaya ne cikin 18. Da mutum biyu ne suka ji rauni maimakon ɗaya, da adadin ya ninka. A ma'aunin lissafin da masu bincike ke amfani da shi, bambancin da ke tsakanin waɗanda suka ci jarrabawar da waɗanda suka faɗi bai kai matakin da ake cire shakkar cewa dace ne ba. Binciken kuma bibiya ce, ba gwajin da aka raba mutane ta ƙuri'a ba, don haka ba zai iya tabbatar da cewa jinkirin ne kaɗai sanadi ba.

A 2019, Kate Webster da Timothy Hewett sun tattara bincike da dama suka ce cin irin wannan jarrabawa yana rage tsinkewar dashe amma yana tafiya da ƙarin haɗari ga ɗaya gwiwar. Snyder-Mackler da abokan aikinta sun mayar da martani a rubuce, suna cewa an cakuɗa binciken da bai kamata a haɗa ba. Muhawarar ta gudana a fili, a shafukan mujallu.

Abin lura shi ne wasu daga cikin sukar mafi ƙarfi daga ɗakin bincikenta suka fito. A 2017, Elizabeth Wellsandt, Mathew Failla da ita kanta sun nuna cewa kwatanta ƙafa da ƙafa yana iya yaudara, domin lafiyayyar ƙafar ma tana rasa ƙarfi a watannin zaman jinya. Cikin 'yan wasa 70, kashi 57 sun ci jarrabawar idan aka kwatanta ƙafafun biyu wata shida bayan tiyata, amma ƙasa da kashi 29 ne suka ci idan aka kwatanta da ƙarfin lafiyayyar ƙafar kafin tiyata. Haka kuma gwajin da ta jagoranta mai suna ACL-SPORTS ya nuna cewa ƙara atisayen tangaɗi, wanda ƙungiyarta ta ƙirƙiro, a kan horon ƙarfi da tsalle da sauya alƙibla bayan tiyata bai kawo wata ƙarin fa'ida ba. Sun wallafa sakamakon yadda ya zo.

A 2015 ta gabatar da laccar Mary McMillan, babbar laccar shekara ta ƙungiyar masu fisiyo ta Amurka, da taken "Not Eureka". Eureka ita ce kalmar da ake cewa masanin Girka Arkimidis ya furta da ya warware wata matsala farat ɗaya, ma'anarta "na gano". Taken ya dace da tarihin aikinta: babu rana ɗaya ta nasara a cikinsa, sai tambaya da ke haifar da wata, da gyara a kan gyara.

Wa ke yanke hukunci, wa ke biya?

Ƙa'idar wata tara tana cin karo da kasuwa. Kakar wasa ba ta jira, kwantiragi yana ƙarewa, matashin da ke neman gurbin karatu ko gwaji a ƙetare yana ganin kowane wata a matsayin asarar damarsa. Mai fisiyo da ke karɓar albashi daga kulob yana tsakanin lafiyar majinyacinsa da buƙatar wanda ya ɗauke shi aiki. Amfanin ma'auni mai lamba shi ne yana ba shi abin da zai tsaya a kai. Koci zai iya musanta ra'ayi, amma musanta cewa cinya tana kashi 74 maimakon 90 ya fi wuya.

Kwanaki kaɗan kafin rauninsa, Rodri ya shaida wa 'yan jarida cewa 'yan wasa sun kusa shiga yajin aiki saboda yawan wasanni. Ba a iya ɗora alhakin rauni ɗaya a kan jadawali, amma maganarsa ta tuna wa mutane cewa jikin ɗan wasa shi ne jarinsa, kuma yanayin aikinsa batu ne na haƙƙin ma'aikaci.

Akwai kuma batun wanda ke biyan kuɗin binciken. Kamfanin da ke sayar da kayan tiyata ba shi da dalilin ɗaukar nauyin binciken da zai iya nuna cewa wasu ba sa buƙatar tiyata, kuma babu hajar da za a sayar a cikin shawarar a ƙara jira wata uku. Bibiyar mutum 300 na shekaru ta yiwu ne saboda kuɗin jama'a da jami'o'in da suka bar malamansu suka tsaya a kan tambaya ɗaya tsawon rayuwar aikinsu.

Abin da ya shafe mu

Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fanni. Jami'ar Ibadan ta fara digirin fisiyo tun 1966, akwai hukumar da ke yi wa masu aikin rajista tun bayan dokar 1988, akwai kuma asibitocin ƙashi na tarayya irin na Dala a Kano da na Igbobi a Legas. An ma yi binciken rigakafin raunin 'yan ƙwallo a nan gida. A 2014, Oluwatoyosi Owoeye da abokan aikinsa sun gwada shirin ɗumama jiki na FIFA 11+ a ƙungiyoyi 20 na gasar matasa ta Legas. Shirin na kimanin minti 20 ne, ba ya buƙatar na'ura. Ƙungiyoyin da suka bi shi raunukansu sun ragu da kashi 41, na ƙafafu kuma da kashi 48. Owoeye yanzu yana koyarwa a Jami'ar Saint Louis da ke Amurka.

Amma yaron da gwiwarsa ta yi ƙara ta kumbura a filin unguwa, yawanci targaɗe ake ce masa ya yi. Ana kai shi wurin maɗori, ko a ɗauki hoton ƙashi a ce babu karaya. Gaskiya ne babu karaya, domin hoton ƙashi ba ya nuna jijiya. Ana gane tsinkewar ACL ne ta hanyar gwajin hannu da ƙwararre ke yi, sannan a tabbatar da hoton MRI. Idan kumburi ya saɓe, yaron yakan koma fili, kuma duk lokacin da gwiwar ta zame tana iya yaga guringuntsin da ke cikinta. Alamomin da ya kamata su sa a nemi ƙwararre su ne jin ƙara a lokacin rauni, kumburi cikin 'yan sa'o'i, da jin gwiwa tana kwancewa idan an juya.

Mafi yawan abin da binciken Delaware da Oslo ya koyar ba ya buƙatar dukiya. Gwajin tsalle yana buƙatar awon tela, agogo da fili mai tsawon mita 6. Ƙidaya wata tara kalanda kawai take buƙata. Auna ƙarfin cinya daidai ne ke buƙatar na'ura mai tsada, kodayake ana iya kusantar adadin da injin miƙe gwiwa na gidan motsa jiki. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ƙwararren da zai yi awon, da ikon da zai hana ɗan wasa shiga fili idan bai ci ba.

A nan ne batun ya zama na siyasa. Ƙungiyoyi da yawa a gasar Firimiyar Najeriya mallakin gwamnatocin jihohi ne, da kuɗin jama'a ake tafiyar da su. Don haka jama'a suna da damar tambaya: nawa aka ware wa lafiyar 'yan wasa a kasafin kulob? Akwai mai fisiyo mai rajista a kowace ƙungiya, har da ta mata da ta matasa? Wa ke biyan kuɗin tiyata da watannin jinya, kuma albashin ɗan wasa yana ci gaba yayin da yake kwance? Wa ke da maganar ƙarshe kan komawarsa fili, mai jinya ko koci? Akwai wanda ke rubuta adadin raunukan da ake samu a kowace kaka? A Mayun 2023 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙudurinsa na farko kan shigar da jinyar farfaɗo da gaɓɓai cikin tsarin lafiyar ƙasashe, wanda ke nufin irin wannan kulawa ba alfarma ba ce ta masu hali.

Rodri yana da kulob mai iya biyan kowane likita a duniya, amma duk da haka sai da ya shafe kusan wata takwas. Ɗan wasan da ke buga wa ƙungiyar jiharsa jijiyarsa iri ɗaya ce da ta Rodri, kuma dashensa ba zai riga na Rodri warkewa ba. Idan aka gan shi a fili wata huɗu ko biyar bayan tiyata, kafin a yaba wa jarumtarsa ya kamata a fara tambayar wanda ya auna cinyarsa, da makin da ya samu.